Kuɗin mota ya fi ƙarfina, Baba kuma ya ce ba zan kwana a waje ba

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni ɗaliba ce, shekarata 20, ina aji biyu a wata jami'a a nan cikin garin Kaduna, gidanmu kuma can cikin Rigasa yake. Kullum hawa uku nake yi kafin in isa makaranta, daga layinmu zuwa Bakin Ruwa, daga nan zuwa Kasuwa, sannan in sake hawa wani keken. Zuwa da dawowa 1,800 nake kashewa, Baba kuma 1,500 yake bani kuma wallahi na san da ƙyar yake haɗawa, yadi yake saidawa a Kasuwar Bacci, kasuwar ma ba kamar da ba. Cikon wani lokacin Mama ke bani a ɓoye daga kuɗin ƙullin kayan miyarta, wani lokacin in taka da ƙafa. Kuma sai na yi shara da wanke-wanke na shirya ƙannena kafin in fita. Talata da Alhamis muna da lakca ƙarfe 8, malamin in ya shiga ya rufe ƙofa shikenan. Semestar da ta wuce na samu kariyoba ɗaya, wato na faɗi kwas ɗaya sai na sake shi, ban faɗa ma kowa a gida ba. Na roƙi Baba hostal ya ce a'a, na ce toh gidan Gwaggo a Unguwar Dosa, hawa ɗaya ne 300, ya ce 'yarsa ba za ta kwana a waje ba sai a ɗakin mijinta. Yanzu akwai wani mutum a layinmu mai mata da yara, a cikin gari yake aiki, ranar da aka yi ruwa ya rage min hanya, daga nan ya zama kusan kullum yana jirana a bayan gidan mai. Sau biyu ya turo min 5,000, ya ce kar in faɗa ma kowa dan mutane ba su da kirki. Bai taɓa min maganar banza ba. In na daina shiga motarsa lakcar safe ta tafi, in na ci gaba kuma hankalina bai kwanta ba. Har na fara tunanin ajiye karatun. Anti ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu kin ji, sannu da ƙoƙari. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Bakin Ruwa ƙarfe bakwai na safe ranar aiki ya san abinda kike faɗa, keke ya tsaya mutum goma su yi kansa, ke da jaka a kafaɗa da hijabi kina tunanin ki kutsa cikin maza ko ki jira na gaba, in damina ce ga taɓo har idon sawu, babbar mota ta wuce ta baifas ta watso miki ruwa a hijabin da kika goge jiya da gawayi. Ki isa makaranta a gajiye kamar wadda ta yi surfe, ki tarar an rufe ƙofa. Ba lalaci ba ne ya jawo miki kariyoban nan, wannan ki cire shi a ranki. Ni ma shekara huɗu na yi ina jeka-ka-dawo daga gida, lokacin ma mai na da araha, amma har yau in na ji ƙarar alam ɗin asuba gabana sai ya faɗi.

Bari in fara da maganar mai motar nan, dan ita ce ba ta jira. Kin ce bai taɓa miki maganar banza ba, na yarda, kuma ba zan zauna a nan in yanke masa hukuncin abinda ke zuciyarsa ba, Allah kaɗai ya sani. Amma ki duba abu biyu da ke da kanki kika rubuta. A bayan gidan mai yake jiranki, ba a ƙofar gidanku ba. Kuma ya ce kar ki faɗa ma kowa. Maƙwabcin da ke taimakon 'yar maƙwabcinsa dan Allah ai sallama yake yi da uban, ya ce Alhaji hanyarmu ɗaya da yarinyar nan, in ba damuwa in riƙa sauke ta, matarsa ma ta sani, wataƙila har da wasu yaran layin a bayan motar. In kuma aure yake so, mai mata ya nemi ƙari ba sabon abu ba ne a garin nan, ƙofar da ake bi sananniya ce kuma ba ta bayan gidan mai take ba. Rashin kwanciyar hankalin da kike ji ba waswasi ba ne, hankalinki ne ke aiki. Yau 10,000 ce, nan da ƙarshen semesta ta zama 50,000, ranar da zai nemi wani abu, ko da cewa ne mu biya ta wani wuri mu ci abinci, nauyinsa za ki ji bakinki ya kasa cewa a'a. Kuma Rigasa duk girmanta layi ɗaya ƙauye ne, mai shayi ya gani, mai faci ya gani, ranar da maganar za ta kai kunnen matarsa ko kunnen Baba ba za a ce ya rage mata hanya ba, ke ma kin san abinda za a ce, kuma a ranar ba hostal ba, makarantar gaba ɗaya za ki rasa. Shi ya ci gaba da zuwa ofis abinsa.

Dan haka ki yanke, kuma ba sai da faɗa ba. Saƙo ɗaya ya isa: na gode da taimakon da ka min, Allah ya saka da alheri, amma daga yanzu ba zan ƙara shiga mota ba tare da sanin Baba ba, kuma dan Allah kar a ƙara turo kuɗi. Kar ki ba shi dogon bayani, dogon bayani ƙofar lallashi yake buɗewa. Ki canza lokacin fitarki da hanyar da kike bi na sati biyu. In ya sake turo kuɗi ki maida masa ta akawun ɗin da ya turo ki ajiye shaidar a wayarki, kar ki goge saƙonninsa. Waccan 10,000 in kin samu hali ki maida, in babu kar ki je ki ci bashi a kanta, kyauta ya ce. In ya matsa, ko ya fara miki barazanar zai faɗa, toh ki riga shi, ki samu Mama ki faɗa mata komai. Ni da za ki ji tawa ma yau ɗin nan za ki faɗa mata, za ta yi faɗa, ki sunkuyar da kai ki sha faɗan, gara ta ji a bakinki da ta ji a gidan suna.

Toh yanzu ga Baba. Kin san me na lura da shi a wasiƙarki? Baba bai san halin da kike ciki ba. Bai san 1,500 ba ta isa ba tunda Mama na cikawa a ɓoye, bai san kina takawa da ƙafa ba, bai san an rufe miki ƙofa ba, bai san da kariyoba ba. Shi a lissafinsa tsarin yana tafiya daidai, yarinya na fita da safe tana dawowa kafin magariba, toh akan me zai canza? Ku biyu ke da Mama kun rufa masa asiri dan tausayi, sai rufin asirin ya koma kanki. Shi ma yana bin hanyar nan kullum zuwa Kasuwar Bacci, ya san yadda kuɗin keke ya tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta bar ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta taɓa wuce dubu. Amma shi tafiyarsa a Tudun Wada take ƙarewa, kuma ba wanda zai rufe masa ƙofar shago dan ya iso takwas da kwata.

Kuma kar ki ɗauki a'ar tasa a matsayin mugunta ko rashin son karatunki. Mutumin da ke cire 7,500 duk sati daga cinikin yadi a wannan marrar dan 'ya mace ta je jami'a, ga kuɗin rajista, ga handawut, wannan mutumin yana son karatun nan, akwai iyaye da yawa a unguwarku da tun daga sakandare suka ce ya isa haka. Tsoro yake ji. Yana zaune a kasuwa yana jin labarai iri-iri akan 'yan hostal, wasu gaskiya wasu ƙarin gishiri, kuma yana tsoron bakin mutane. Gidan Gwaggo kuma wataƙila wani abu ne daban da bai faɗa miki ba. Gidan ba nata ba ne ita kaɗai, gidan mijinta ne, namiji kuma yana jin nauyin a ce ya kai 'yarsa gidan suruki ana ciyar masa da ita. Sannan ki tambayi kanki, akwai samari a gidan? 'Ya'yan Gwaggo 'yan'uwanki ne amma ba muharramanki ba ne, in akwai manyan maza kuma babu ɗakin 'yan mata daban, toh Baba na da hujjarsa kuma sai an amsa ta kafin a ci gaba. Ki bincika wannan ta wajen Mama tukuna.

Shawarata ki bar maganar hostal kwata-kwata a yanzu. Ya riga ya ce a'a da bakinsa, dattijo kuma ba ya son a ga yarinya ta juya shi, ga shi gadon hostal ɗin ma ba ya isar ɗalibai a yawancin makarantunmu, ki gama yaƙi a gida ki je ki tarar babu. Ki nemi ƙaramin abu wanda zai iya cewa toh ba tare da ya ji ya janye maganarsa ba. Kwana biyu kacal a sati a gidan ƙanwarsa ko yayarsa, daren Litinin da daren Laraba, saboda lakcar Talata da Alhamis, kuma na semesta ɗaya a gwada a gani. Ki ɗauko biro da takarda ki rubuta masa lissafi, ɗan kasuwa ne, lamba yake ganewa fiye da kuka. Yanzu sati ɗaya 9,000 ne. In kina kwana biyun nan, Litinin ki tafi daga gida 900 ki sauka gidan Gwaggo 300, Talata ki je makaranta 300 ki dawo Rigasa 900, Laraba da Alhamis haka, Juma'a 1,800, jimla 6,600. Kin ga abinda yake baki ya isa kenan har da ragowar 900, Mama ta huta da ciko. In da zai yarda da kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis, 4,200 ne satin gaba ɗaya, amma kar ki fara da wannan, ki bari shi da kansa ya gano in ya ga lissafin.

Kuma ba ke za ki kai maganar ba. Gwaggo ce za ta zo da ƙafarta, bayan ta gama magana da mijinta ya amince, in so samu ne ma mijin ya kira Baba ya ce Alhaji ai 'yarmu ce, a bar mana ita kwana biyu. Kin ga an juya abin, maimakon Baba ya roƙi alfarma, shi ake roƙa. In akwai wanda Baba ke jin nauyinsa, wansa ko limamin masallacin layinku ko wani abokin kasuwarsa da 'yarsa ta yi jami'a, a sa shi a ciki. A zaɓi lokaci, ba yana shigowa daga kasuwa a gajiye ba, bayan isha'i ya ci tuwo ya miƙe ƙafa, ko ranar Juma'a da yamma. Ke kuma ki shigo da sharuɗɗanki tun kafin ya gindaya nasa: kafin magariba kina cikin gida, Gwaggo na da taimtebul ɗinki, kullum da dare za ki kira shi a wayar Gwaggo ba taki ba, mudun shinkafa ko taliya daga shagon unguwa ki riƙa tafiya da shi duk wata dan kar ya ji an ciyar masa. In aka ga ba daidai ba ko sau ɗaya, ki dawo gida ba musu.

Sai kariyoban. Na san shi ne abinda kika fi tsoro, amma shi ne hujjarki mafi ƙarfi, kuma ɓoye shi ba zai yiwu har abada ba, in ya jawo miki ƙarin shekara ranar da 'yan ajinku za su tafi bautar ƙasa me za ki ce? Ki fitar da sakamakon a takarda, ki nuna masa sauran kwasakwasan da kika ci da wanda kika faɗi, ki ce Baba wannan na ƙarfe takwas ne. Ki gaya masa yawancin jami'o'i sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a bar shi ya zauna jarabawa, kuma kwas ɗin da aka faɗi sai an sake shi, wato ƙarin zirga-zirga da ƙarin kuɗin mota daga aljihunsa. Zai ɓata rai, wataƙila ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarki da kyau. Ki jure.

Mama kuma a duba ta, dan ita ce za ta rasa hannu a gida. Amma tsakani da Allah ƙannenki in sun kai shekara goma sha sun isa shara da wanke-wanke, ke a shekarunsu ai kina yi. Ki zauna da ita ku raba aikin, naki ya koma na dare da na Asabar da Lahadi, wanki da guga da gyaran kayan miyan sati. Ko Baba bai yarda da komai ba wannan kaɗai zai baki minti arba'in da safe, kuma a hanyar Rigasa wanda ya fita shida da kwata da wanda ya fita bakwai ba tafiya ɗaya suke yi ba, na farko ya wuce kafin 'yan makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa su fito, na biyu shi ne ke zaune a goslo yana kallon agogo.

In kuma Baba ya kafe, dan zai iya kafewa, ba shikenan ba. Ki shiga guruf ɗin WhatsApp na ajinku da na sauran 'yan dipatmen ki tambaya su waye 'yan Rigasa da Hayin Ɗanmani da Bakin Ruwa, wallahi za ki sha mamakin yawansu, kowa na shan wahalarsa shi kaɗai. Ku haɗu ku uku ko huɗu mata, ku samu mai keke ɗaya ɗan unguwa wanda iyayenku suka san gidansu, ku yi shata da shi na Talata da Alhamis, ya ɗauke ku shida da rabi ya kai ku har get ba sauka, ku riƙa biyansa duk sati. Ko kuɗin bai ragu sosai ba kin huta da tsayuwa uku da kokawa uku, kuma Baba zai fi samun natsuwa ya san wanda ke ɗaukarki. Ki kai shi su gaisa ma. Sannan akwai dogayen bas masu amfani da gas da gwamnatin jiha ta fito da su a 2025, aka fara da ɗaukar ɗalibai da ma'aikata kyauta, ki tsaya a wurin tsayawarsu mafi kusa da hanyarki ki tambayi yadda tsarin yake yanzu da lokacin da suke wucewa, ki riƙa yawo da katin makarantarki. Ko hawa ɗaya suka ɗauke miki a rana an rage wani abu, sai dai kar ki dogara da su ranar lakcar takwas, layi ake yi.

Akwai kuma NELFUND, bashin karatu na gwamnatin tarayya da aka buɗe a 2024. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, sannan wanda ya nema ana ba shi 20,000 duk wata na kashewa. Babu ruwa a kai, wannan ki jaddada ma Baba dan shi ne abinda zai fara tambaya, kuma biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa. Ana nema ne ta intanet da lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibi. Bashi ne dai, ba kyauta ba, kuma kuɗin watan kan yi jinkiri, dan haka kar ki cika shi a ɓoye, ki kai ma Baba maganar a zaman nan ɗaya. Amma ki duba, giɓinki 300 ne a rana, 6,000 a wata, 20,000 ta rufe shi har ki samu na cin abincin rana, dan na lura a duk lissafinki babu ko biredi da fiya wata, da yunwa kike zaman lakca har la'asar, wannan ma kaɗai ya isa ya sa karatu ya ƙi shiga.

A makaranta kuma kar ki yi shiru. Ki samu kodinetan ajinku, ki ce daga Rigasa nake zuwa ga halin da nake ciki, ki tafi da kilas ref, wato wakilin ɗaliban ajinku, ko wata ƙawarki, ba ke kaɗai ba, kuma a ofis da rana. Malamin da ke rufe ƙofa shi ma yana da dalilinsa, aji mai mutum ɗari biyu in kowa na shigowa lokacin da ya ga dama ba za a yi karatu ba, ba lallai ya canza miki doka ba, amma malamai da yawa in sun san fuskar ɗalibi da uzurinsa tun farkon semesta sukan sassauta a atendans ko tes, abinda ba sa so shi ne a zo musu da labari ana saura kwana uku jarabawa. Ki samu ƙawa ɗaya mai zama a gaba ta riƙa miki rikodin in malamin ya yarda. Ki saurara a keke da iyafis a ƙarƙashin hijabi, wayar na can cikin jaka a kan cinyarki ta ɓangaren ciki, kar ki kuskura ki fito da ita kina karanta handawut a goslo, masu fizge waya ba sa sallama.

Maganar ajiye karatu kuwa ban karɓa ba, kuma ke ma ba da gaske kike ba, gajiya ce ke magana. Kin ci aji ɗaya da rabi a haka da ƙafarki da 1,500.

Yau da dare ki tura ma mutumin nan saƙon, ki kashe wayar. Gobe in kin dawo ki ja Mama ɗaki, ku kira Gwaggo ku ji ko akwai ɗakin da za ki kwana. In an yi zaman da Baba ki sake rubuto min abinda ya ce, ko a'a ce ki faɗa min kalmomin da ya yi amfani da su, daga nan za mu san ta inda za a sake ɓullo masa.